Ƙafar da Baba Ya Ɗora

Ranar da Khairunnisa ta fara ganin Zakiyyu, mutum biyu ne suka riƙo shi zuwa zauren gidansu a Daura, yana cije leɓe don kada a ce namiji ya yi raki. Rami ya taka a filin ƙwallon Mashi, ƙafar dama ta lanƙwashe. Mahaifinta, Malam Sha'aban, maɗori ne da sunansa ya ƙetare kan iyakar ƙasa ta Kongolam, ita kuwa ruwan zafi da man shanu aka ce ta kawo.

"Sannu," ta ce.

"Ai yanzu na ji sauƙi," ya ce yana kallonta. Mutum yana zufar azaba, amma bakinsa bai mutu ba.

Baba ya laluba idon sawun, ya ce targaɗe ne. Ya ja, ya yi tofi, ya ɗaure.

Zuwa gashi duk Asabar shi ya rikiɗe ya zama zance. Zakiyyu ya gaya mata burinsa ɗaya a duniya shi ne aikin soja, kuma ɗaukar bana ce ta ƙarshe da shekarunsa za su bari. Tun daga nan ta raɗa masa suna.

"Sojana, ya ƙafa?" ta kan rubuta masa.

"Ƙafa da sauƙi, Nisata. Zuciya ce Baba bai iya ɗorawa ba."

Kumburi ya sace, amma ƙafar ba ta daina zame masa ba. Wata rana yana tsallake dokin ƙofa ta ga idon sawun ya karkace, ya dafa bango yana dariya. Shekararta ta biyu ke nan a makarantar koyon aikin lafiya, an koya musu cewa gaɓar da ke irin wannan sakin, jijiyar da ke ɗaure ta ce ta tsinke.

Ta sani, ta yi shiru. Da wane baki za ta ce hannun da garin nan ke rantsuwa da shi ya yi kuskure? Wata huɗu tana cewa gobe.

Ranar tantance masu neman aikin soja aka sa su gudu. Da azahar saƙo ya shigo.

"Na faɗi a zagaye na biyu, Nisa. Sun ce in koma gida. Shi ke nan."

Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta rubuta abin da ya fi ƙarfin bakinta.

"Na san ba targaɗe ba ne tun watan azumi. Kunyar Baba ta hana ni faɗa. Ka je asibitin ƙashi, don Allah. Ko ba za ka sake kula ni ba."

Kwana goma bai amsa ba, kuma ba ta ga laifinsa ba.

Rana ta goma sha ɗaya ya kira daga Kano. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Sai likita ya riƙe ƙwaurinsa, ya jawo diddigen gaba, ƙafar ta taho kamar aljihun tebur. Aka sa shi a na'urar da ke nuna jijiyoyi, aka ga biyu sun tsinke. Sai tiyata.

"Likita ya ce da na zo da wuri, da takalmin riƙe ƙafa da motsa jiki sun isa," in ji Zakiyyu.

Labari ya iso Daura kafin shi. Baba ya kira ta tsakar gida.

"Ke kika tura wanda na ɗora a yanka shi? To ki gaya masa, kada ya turo min magabatansa."

Duk da haka Zakiyyu ya zo neman afuwa, ya tarar ana la'asar, ya shiga sahu kusa da Baba. Da aka zauna tahiya ya kasa kafe ƙafar, sai miƙe ta ya yi gefe kamar tsoho. Bayan sallama Baba ya ja shi zaure, ya ce ya nuna masa yadda likitan ya yi. Khairunnisa na leƙe ta bayan labule lokacin da Baba ya jawo diddigen da hannunsa.

"Khairunnisa, fito," ya ce. "Ƙashi na gada, shi na sani. Wannan kuwa ba ƙashi ba ne. Tun yaushe kika gane?"

"Tun azumi, Baba."

"Da kin gaya min, da ni zan kai shi da kaina. Haka kika ɗauke ni?"

Wannan tambayar ta fi mata zafi a kan duk faɗan da ya yi.

Baba da kansa ya raka Zakiyyu Kano. Likita ya tsaga gefen idon sawun, ya jawo jijiyoyin ya ɗinke su jikin ƙashi. Mako shida a siminti, wata uku ana koya wa ƙafar tsayuwa. Ƙafar ta riƙe sosai, sai dai kakin soja ya wuce har abada, Zakiyyu ya buɗe shagon kayan babur a Mashi.

Bayan babbar sallar da ta zagayo aka ɗaura aure. Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Abin da kika gani a gidanki, ki riƙa faɗa."

Washegari da hantsi tana jera kaya a ɗakinta, ta ci karo da takalman kambas ɗin da Zakiyyu ya yi gudun nan da su, an wanke an ajiye a leda. Ta zauna da su a cinya.

"Tun ranar nan ba ki sake ce min Sojana ba," in ji Zakiyyu daga bakin ƙofa.

"Ni na raba ka da shi. Nauyin sunan nake ji."

"Na yafe tun ina Kano. Amma Nisata, a duniya ke kaɗai kika rage da za ki kira ni haka. Kada ki hana ni wannan ma."

Ta goge idonta da gefen mayafi.

"Shigo, Sojana. Ka kula da dokin ƙofa."