Fitilar Kan Dutsen Daudawa

Gab da magariba Badamasi ya ɗauki tocila ya nufi dutsen da ke bayan Daudawa, kamar kullum. Aikinsa ɗaya ne: ya kunna jar fitilar da kamfanin jiragen Shamuwa ya kafa a can ƙololuwa, don jirgi mai sauka a ƙaramin filin Faskari ya kauce wa dutsen.

Da jirgi ɗaya Shamuwa suka fara, wani tsohon abu mai tari kamar akuyar da ta sha sanyi. Sau ɗaya yake zuwa a mako, mutane na dariya suna ce masa motar hayar sama. Amma arha ba ta da maƙiyi. Cikin shekara shida jirage suka kai goma sha huɗu, har dillalan masara suka daina bin hanyar da ɓarayin daji suka hana kowa sakat. Dattawa kaɗai suka ɓata rai. Sun ce wa kamfanin kan dutsen nan gidan wasu ne, ba a hawansa sai da sallama. Injiniyoyi suka yi murmushi, suka dasa ƙarfensu.

Badamasi bai taɓa hawa ba sallama ba, sai ran nan. Hadari ya rufe gabas, ga shi ɗiyarsa Khairiyya tana cikin jirgin yamma, tana dawowa daga asibitin Kano da jaririnta. Hankalinsa na sama, bakinsa ya manta.

A rabin hanya kwaɗi suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya.

Wani wari ya taso, irin na gashin da ya ƙone.

Da ya isa, sai ya tarar da mutum zaune a kan akwatin makunnin. Tsoho ne, siriri, ya ba shi baya. Gwiwoyinsa sun wuce kansa.

"Salamu alaikum, Baba," in ji Badamasi.

"Yanzu ka tuna?" Muryar ta fito kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. "Koma inda ka hito."

"Baba, hitilar nika son kunnawa."

"Kun nome fadamarmu, mun ƙyale. Kun sare tsamiyarmu, mun hau nan. Da jirginku ɗaya ne, mun daure. Yanzu safe da yamma kuna keta mana ɗaki, 'ya'yanmu ba su barci. Yau jirgi ɗaya za mu amshe."

Daga nesa, cikin gajimare, ƙugin jirgi ya fara tasowa.

"Ɗiyata na ciki," Badamasi ya raɗa.

"Mun sani."

Tsohon ya juyo. Inda ya kamata a ga fuska, babu komai sai baki.

Ƙugin na ƙaruwa. Badamasi ya kama Ayatul Kursiyyu, ya runtse ido, ya cusa hannu ta cikin jikin tsohon. Sanyi ya ratsa shi har ƙashi.

Yatsansa ya taɓa makunnin. Ya danna.

Ja ya haske gajimare. Jirgin ya karkata, ya wuce gefen dutsen, iskarsa ta tuge masa hula.

Sai wani hannu ya sauka a ƙeyarsa. Busasshe, mai nauyin turmi.

"Tunda sama kake tsaro," aka ce a kunnensa, "ka gama ganinta."

Aka danna kansa ƙasa.

Bai san yadda ya gangaro ba. Masu fitowa daga masallaci ne suka tsince shi a bakin hanya, gwiwoyi duk jini.

Khairiyya ta sauka lafiya, ita da ɗanta. Wuyan Badamasi kuwa bai sake miƙewa ba. Malamai sun yi ruƙiyya, likitoci sun ɗauki hoto, suka ce ba su ga komai ba. Ko kwance aka sa shi rigingine, idanunsa rufewa suke yi da kansu. Kamfanin ya ɗauki sabon maigadi, ya ƙara jirgi biyu.

Yaron ya girma, ya fara magana. Duk yamma yana jan rigar kakansa yana nuna sama: "Kaka, duba jirgi!"

Badamasi yakan ce ya gani. Inuwar jirgin yake nufi, tana wucewa a ƙasa ta kan ƙafafunsa.