Harsashin Farko Ba Ya Ƙi

Tau! Sai kuma shiru.

Norbert ya sake danna kunamar, ya kuma dannawa. Babu komai. Kwanson harsashin da ya harba ya maƙale a gefen fistol ɗin, ya leƙo waje kamar guntun sigari a bakin mashayi.

"Ta sake cijewa," ya ce, ya cilla wa Didier ita. "Kai mai gyaran bindiga ne ko mai wankin kwanuka?"

A wani tsohon ramin fasa dutse suke, bayan garin Charleroi, yayyafi na sauka. Gobe za su shiga fashi a shagon gwal, yau kuma gwajin makamai. Norbert ne shugaba. Didier ɗan ƙanwarsa ne, shi ke kula da bindigogin. Ta ukunsu Josiane direba, tana zaune kan mota tana cin soyayyen dankali da mayonis, tana kallonsu kamar ta biya kuɗin kallo.

Takaici ya ishi Didier. Me bai yi wa bindigar nan ba? Ya kwance ta, ya wanke, ya goge, ya sa mai daidai misali. Ya sauya gidan harsashi, ya sauya sifirin, wato wayar nan mai naɗi da ke mayar da saman bindigar, ya watsar da harsasan araha ya nemo masu kyau. Yanzu kuma ya ja saman bindigar ya fitar da kwanson, ya tsaya, ya saita gwangwani. Tau-tau-tau! Har ta ƙare ba ta yi ko tari ba.

"Lafiyarta lau, Kawu."

"To ni ne ba ni da lafiya?"

Didier ya san wannan ita ce gaskiyar. Irin wannan bindiga sai an riƙe ta gam, samanta ya ja baya sosai, sannan ta tofar da kwanso ta ɗauki wani harsashin. In hannu ya yi laushi ya bi ta baya, harbin farko zai tashi, na biyu kuwa sai dai haƙuri. Shi kuma Norbert tun da ya fito daga gidan yari wuyan hannunsa na dama ya rasa ƙarfi. Didier ya sha ganinsa yana ɗaga kofin gahawa da hannu biyu in yana zaton ba mai kallo. Amma wa zai faɗa masa? Mutumin da ya taɓa karya wa wani muƙamuƙi a mashaya don kawai ya kira shi tsoho. Kuma shi ne ya raini Didier bayan mutuwar uwarsa.

"Kawu, ka ɗan haɗa da hannun hagu mana."

"Tun kana fitsarin kwance nake harbi da hannu ɗaya, yaro."

Josiane ta lashe yatsa. "Abin mamaki dai, Oga. A hannunsa ba ta ƙi, sai a naka. Ko dai ta san wanda take wa aiki?"

"Ke, ci dankalinki ki rufa mana baki," in ji Didier.

Amma maganar ta riga ta shiga. Norbert ya daɗe yana kallon ɗan ƙanwarsa, sannan ya miƙa hannu. "Ba ni taka. Ita zan riƙe gobe. In ita ma ta cije min, na san ba ƙarfe ne ke cin amanata ba."

Didier ya miƙa masa. Ya san za ta cije.

Washegari da rana tsaka, ana tsuga ruwa, Josiane ta faka a bakin shagon. Didier ya kamo hannun rigar kawunsa. "Nuna ta kawai za ka yi. Don Allah kar ka harba."

"Ka fara koya min sana'a?"

Suka ja huluna suka rufe fuska, suka banka ƙofa.

"Kowa ƙasa! Ke, buɗe akwatunan!"

Madam Colette, mai shagon, dattijuwa ce mai taurin rai. Ta shiga laluben makullai a hankali, kamar mai neman allura. Didier na kwashe zobba cikin jaka, yana addu'a a ransa ta yi sauri. Ba ta yi ba. Norbert ya ɗaga bindiga sama.

Tau! Farar ƙasa ta zubo daga rufi.

Ya sauke ta kan gilashin akwatin don ya fasa da harbi na biyu — ya danna — shiru. Ya danna kuma. Ga kwanso nan ya leƙo.

Marigayi mijin Colette ɗan ƙungiyar masu wasan harbi ne, ta san ma'anar abin da ta gani. Ta sa gwiwa ta danne maɓallin da ke ƙarƙashin teburinta. Ƙararrawa ta ɓarke.

"Mu ware, Kawu! Mu ware!"

Can bayan tashar jirgin ƙasa, Sufeto Hennuy na 'yan sanda na cikin motar sintiri ya kai burodi baki ke nan rediyo ta kira. Ya ajiye shi kan cinyarsa ya ce wa direbansa, "Taka ta."

Josiane ta bi ta lunguna, ta tsallake gada, ta nufi tsohuwar masana'antar ƙarfe inda suka ɓoye wata motar. Jiniya na biye da su daga nesa. A kujerar baya Norbert ya matse fistol ɗin tsakanin gwiwoyinsa, ya ja saman da hannun hagu, kwanson ya faɗi, sabon harsashi ya hau.

"Ni dai na faɗa tun jiya," in ji Josiane.

Suna tsayawa Norbert ya ce, "Fito, Didier."

Suka fito cikin ruwan. Ƙofa na rufuwa Josiane ta ba motar wuta — jakar gwal ɗin na gefenta — ta fece. Ko juyawa Norbert bai yi ba. Bindigar na kan ƙirjin Didier, tana rawa.

"Nawa suka ba ka?"

"Kawu, ga wadda ta ci amanarka can ta tafi da kaya."

"Na ce nawa suka ba ka ka lalata min bindiga?"

Haushi ya rufe Didier, haushin duk ranakun da ya ɓata yana goge ƙarfen da ba shi da laifi. "Ba wanda ya lalata komai. Hannunka ne. Ba bindigar da za ta yi maka harbi biyu a duniyar nan. Hannun ya gaji, Kawu. Ka tsufa, shi ke nan. Dubi yadda take rawa."

Yana rufe baki ya tuna abin da shi ya fi kowa sani: harsashin farko ba ya ƙi.

Tau!

Didier ya zauna cikin taɓo, ya dafe ƙirji, yana mamakin rashin zafin.

Motocin 'yan sanda suka shigo da gudu. "Ajiye makami!" Hennuy ya daka tsawa daga bayan ƙofar motarsa. Norbert ya juya gare su, ya danna kunama. Shiru.

Ya sauke ido. Kwanso ya leƙo. Shi da kansa ya gyara ta a mota, ba wanda ya taɓa ta bayansa. Ya kalli bindigar, ya kalli hannun da ke riƙe da ita, ya daɗe yana kallo. Sai ya sake ta ta faɗi cikin ruwa, ya durƙusa gaban ɗan ƙanwarsa, ya danne raunin. Jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa. Ya ɗora hannun hagu a kan na dama, ya danna da duk ƙarfinsa.

Didier ya buɗe ido ya ga hannuwan. "Yauwa, Kawu," ya ce a hankali. "Da hannu biyu."

An kama Josiane kafin ta kai iyakar Faransa, gwal ɗin ya koma wa Madam Colette bai yi ciwon kai ba. Norbert zai ƙare sauran kwanansa a kurkuku. Didier bai kai asibiti ba. Da masanan 'yan sanda suka gwada bindigar, sun harba ta har ta ƙare, ba ta cije ko sau ɗaya ba.