Ruwan da Ke Cin Ƙashi

Sufeto Harisu ya ga masu kukan sata iri-iri, amma bai taɓa ganin wadda aka sace wa tsakuwa tana karkarwa haka ba.

Dokta Afra'u ce, mai binciken duwatsu a wani ƙaramin kamfani a Adjamé Saint-Michel. Ƙofar ɗakin gwajinta lafiya lau, ba a fasa ba.

"Me aka ɗauka, Madam?"

"Ƙwayoyin zirkon, ƙanana kamar gishiri. Daga dutsen aman wuta muke tsamo su, irin wanda ke ɗauko lu'ulu'u daga ƙarƙashin ƙasa. Su ke faɗa mana shekarun dutsen, mu san inda ya cancanci haƙa. Amma bar ta tasu, Sufeto. An haɗa da wata gorar roba."

"Ta mece ce?"

"Asid ɗin da muke narka su da shi. Fari tas, kamar ruwan famfo. In ya taɓa fata ba ya cizo nan take, sai ya ratsa ya kama ƙashi. Wanda ya kurɓa kuwa..."

Ɓarawo mai bindiga, Harisu ya san maganinsa. Gora kuwa ko'ina ana ajiye ta, a garin da yaro ba ya ganin ruwa ya wuce.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai direbana Rabilu, ɗan baffana. Ya ce yana can garin Bouaké tun jiya."

Kayan sata a Adjamé hanyarsu ɗaya, kasuwar Black Market, can Harisu ya nufa. Sadi mai awon zinariya ya rantse tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi, Shef, yau ko ƙuda bai shigo mini ba."

"To rufe shago, mu je komisariyar 'yan sanda ka huta."

"Haba, Shef! Wani dai ya zo da ɗan yashi a kwalba, wai diyama ne, lu'ulu'u na miliyan dubu. Na ce ya kai wa magina. Ya ce sai an wanke da ruwansu suke ƙyalli, ya gwada a gida, bai dai iya ba."

"Kamanninsa?"

"Dogo, Hausar Treichville. Hannunsa na dama bai fito daga aljihu ba, sai gumi yake."

Can ne Dokta ta ce Rabilu ke zaune. Harisu da 'yan sandansa suka tsallaka gada da jiniya.

A unguwar Biafra ta Treichville, cikin gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ya tarar da Rabilu zaune a ƙofar ɗaki, hannu naɗe da tsumma. Yara na guje-guje tsakanin bokitai. Duk robar da Harisu ya gani sai ya bi ta da ido.

"Bouaké ta matso kusa, Malam Rabilu."

"Mota ta lalace, na dawo. Ruwan lagireto ya ƙone ni."

"Kwance tsumman."

Yatsun sun yi fari fat, farcen sun koma ruwan toka. Babu ko bororo ɗaya.

"Ina gorar?"

"Wace gora?"

'Yan sanda suka birkice ɗakin. Kwalbar ƙwayoyin tana cikin takalmi. Gorar tana bayan katifa, wayam, ko ɗigo babu.

Harisu ya cakumi wuyan rigarsa. "Ina ka juye shi? Magana nake da kai!"

"Ban san zancen ba, Shef."

Sai ga muryar Salamatu, matar Rabilu, daga ɗakin tsohuwar mahaifiyarsa: "Baban Amir, zazzaɓin Inna ya dawo. Na ɗauko Zamzam ɗin da na gani a kan kabad, ashe bai ƙare ba."

Ihun da Rabilu ya yi, har masu wanki a waje suka watse. "Kar ki ba ta! Salamatu, kar ki ba ta!"

Harisu ya riga shi shiga. Tsohuwa ta ɗago kai, ta yi bisimilla, kofi na hannun Salamatu. Ya kama wuyan hannunta ya karkatar da shi can gefe. Ruwan ya zube a siminti, wani wari mai yanka hanci ya tashi.

"Ya taɓa ki? Ya taɓa Inna?"

"A'a. Me na yi?"

Rabilu ya durƙushe a bakin ƙofa. "Ni ne. Na ji Afra'u a waya tana cewa, 'Waɗannan sun haura miliyan dubu.' Na ɗauka kuɗin sefa take nufi."

"Shekaru take nufi, sakarai."

"Na san za a nemi gorar, na juye a jarkar Zamzam ɗin Inna da ta ƙare. Na ce ba ɗan sandan da zai taɓa ta." Ya ɗaga hannun yana haki. "Shef, wuta nake ji har cikin ƙashi."

Harisu ya sa aka fitar da tsohuwa, aka kwashe yara, aka rufe ɗakin, ya kira Dokta Afra'u ta zo ta ɗauki abinta. Ankwa a hannun hagu kaɗai aka sa wa Rabilu, asibiti za a fara nufa kafin komisariya.

Suna fita, tsohuwa na kan tabarma a tsakar gida, tana bin fuskokin mutane da kallo.

"Wane mara tsoron Allah ne ya zubar mini da ruwan Makka?"