Sarƙar Furen da Mahina Ta Kwance

"Ba za ka shiga ruwan nan ba, Keawe!"

"To fa. Ko gaisuwa babu?"

"Riƙe gaisuwarka. Ka ce mini ba za ka shiga ba."

Mahina tana tsaye a barandar gidan mahaifinta a Waialua, wani gari a bakin teku, hannu a ƙugu, ido jawur. Mijinta yana ƙasan matakala da gajeren wando da silifas, yana wannan murmushin nasa mai sa ta manta cewa faɗa take yi. A bayan motarsa ga dogon allon hawan igiyar ruwa a ɗaure, wanda ba ya fito da shi sai ranar da teku ta haukace. Yau kuwa ta haukace. Daga nan ma ana jin ruguginta kamar tifa tana juye duwatsu.

Yaji Mahina ta yi. Bara ne raƙumin ruwan can na tsakiyar teku ya haɗiye yayanta Palani, Keawe yana kusa da shi amma bai kai gare shi ba. Tun daga ranar, mahaifinta Moke ya daina ko kallon gaɓa. Da damina ta dawo da manyan igiyoyi, ya zaunar da ita ya ce, "Na ba ruwa ɗa ɗaya. Ba zan zauna ya mayar mini da 'ya mai takaba ba. Ki zauna nan har mijinki ya haƙura." Ta zauna, don ba ta iya kallon idon tsohon ta ce a'a. Yanzu ma yana ciki bayan ƙofar raga, yana jin komai.

"Haba zuciyata," Keawe ya sassauta murya. "Yau kaɗai..."

"Haka Palani ya ce."

Murmushin ya ɓace. Ya sunkuyar da kai.

"Ba ki san yadda cikin igiya yake ba, Mahina. In igiyar ta naɗe a kanka, komai sai ya yi tsit. Haske kore ko'ina, allon yana gudu, kai kuma kamar ba ka da nauyi. A can kaɗai nake jin Palani bai tafi ba. A tudu kuwa kullum ganinsa nake yana nitsewa."

"Ni fa? A ina kake jin ina nan?"

"Ke ai numfashina ce."

"Numfashin da za ka je ka zubar a ƙarƙashin ruwa!"

Ya koma mota ya ɗauko wani ƙunshi na ganye, ya buɗe. Ƙamshin furen pikake ya cika barandar. Lei ne, sarƙar fararen furanni, irin wadda ya rataya mata ranar aurensu. Aikin hannun mahaifiyarsa ne, Anti Ilima, ba mai ɗinkin fure kamarta a duk wannan gefen tsibirin.

"Sunkuyo, gimbiya," ya ce. "In na fito da yamma in zo in ɗauke ki. Na gaji da cin shinkafar gwauro."

Mahina ta dubi furen da kyau. Sarƙar a ƙulle take, zagaye guda, ita kuma ciki gare ta. Ba wanda ta gaya wa, ko mahaifinta. Kowace mace a nan ta san mai ciki ba ta sa lei a ƙulle, don kada cibiya ta naɗe wuyan ɗa. Buɗaɗɗe ake ba ta, bakinsa biyu suna lilo a ƙirji.

Da ta buɗe baki ta faɗa, da an wuce wurin. Amma Mahina 'yar Moke ce, taurin kai a jininsu yake. A ranta ta ce, in ba zai bar ruwa don ni ba, ba na so ya bari don ɗan da bai ma gani ba. Ga kuma tsoho a bayan ƙofa. Sai ta ja da baya kafin furen ya taɓa wuyanta, ta karɓe shi a hannu, ta laluba ƙullin zaren ta fara kwancewa. Ɗan mai ɗinkin fure ne, ai zai gane.

Bai gane ba. Namiji mai fushi me yake ganewa? Abin da ya gani kawai, matarsa ta ƙi sunkuya wa lei ɗinsa, abin da ko maƙiyi ba ya yi maka, ga ta kuma tana wargaza shi a gaban idonsa.

"Har ta kai mu nan?" ya ce.

"Keawe, duba mana da kyau..."

"Na gani ai! Ba makaho ba ne ni."

Ya fizge sarƙar, furanni suka zube a matakala. Ya ɗaga murya wajen ƙofar raga: "Baba, ka ci nasara. Ga 'yarka nan!" Ya faɗa mota ya ja ta da ƙarfi har kajin maƙwabta suka watse.

Ta tsaya tana kallon titi. Zai gane kafin ya kai kwanar titi, ta ce. Zai taka burki ya dawo da gudu yana ihu kamar mahaukaci. Ta jira har ƙura ta kwanta. Ta tsince furannin ɗaya bayan ɗaya, ta ci gaba da jira.

Rana ta karkata lokacin da maganar ta iso. Waɗanda suke can sun ce ya hau igiyar da ba a ga irinta ba a bana, ya shige cikinta ya fito a tsaye, hannu a sama, mutanen kan baburan ruwa suna ta kururuwa. Igiyar da ta biyo bayanta ce ta same shi. Ta danne shi, kafin ya ɗago wata ta sake rufe wurin. An samu rabin allonsa a kan duwatsu. Jirage sun yi ta shawagi suna nemansa kwana da kwanaki, ba a ga ko gawarsa ba, sannan suka daina.

Mahina ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ne ke cin ta, tsaye da kwance: ya gane ko bai gane ba? Ta yi ta lallashin kanta cewa ya gane a hanya, cewa hannun nan da ya ɗaga sama murnar ɗansa yake yi. Da wannan take samu ta haɗiyi ruwa.

Ranar ban kwana teku ta kwanta luf, munafuka, kamar ba ita ba. Abokansa suka taru da allunansu don a fita a yi masa zobe, wato da'irar ban kwana a kan ruwa, yadda aka yi wa Palani. Moke da kansa ya jawo kwalekwale, karo na farko da ƙafarsa ta taɓa ruwa tun bara. Bai iya haɗa ido da 'yarsa ba.

Anti Ilima ta zo tana raba lei, kowa ya sunkuya ta rataya masa. Da ta iso kan Mahina sai ta ajiye kwandon, ta ciro wani daban daga ƙasansa. Pikake ne, buɗaɗɗe. Ta ɗora mata shi a kafaɗu, ta gyara bakinsa biyu a kan cikinta.

Moke ya kalli furen, ya kalli 'yarsa. Filafilin tuƙa kwalekwalen ya suɓuce daga hannunsa.

"Mama..." Mahina ta riƙe hannun matar gam. "Wa ya gaya miki?"

"Shi ya biyo ta wurina ranar. Ya jefa mini sarƙar a kan tebur ya ce, 'Ga furenki, ta kwance shi.' Ina juyowa na ga zaren. Ba tsinkewa ya yi ba, 'yata, kwance shi aka yi a hankali, irin kwancewar mai tsoro."

"To ya sani! Kin gaya masa, ko? Mama, kin gaya masa?"

Tsohuwar ta kalle ta. Da ta iya ƙarya da ta yi, amma ba ta iya ba.

"Na bi shi ba takalmi har titi. Ina ta kira, Keawe, tsaya, tsaya! Gilashi a rufe, ga ƙarar ruwa. Na buga wayarsa har hannuna ya gaji, ashe ya bar ta a mota ya shiga ruwa." Ta share ido da gefen riga. "Bai sani ba. Ya tafi yana ganin kin rabu da shi."

Nan abin da Mahina take dogare da shi ya karye. Ba ta san lokacin da aka sa ta a kwalekwale ba, ba ta san yadda mahaifinta ya tuƙa su har tsakiyar zoben ba. Mutane suka riƙe hannun juna, suka zare furanni daga zare suka watsa, suka shiga dukan ruwa da tafi suna kiran sunansa.

Ita ta leƙa ta gefen kwalekwalen, bakin sarƙarta yana jiƙewa.

"Keawe! Ciki gare ni! Kana ji? Ciki gare ni, wawa kawai!"

Maganar da ba ta fi numfashi guda ba, yanzu take faɗinta da dukan ƙarfinta. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba a lallashi. Ruwan ya ɗaga furannin ya sauke, ya fara jan su waje.

Moke ya dafa bayanta. "Mu koma, 'yata. Iska ta fara tashi."

"Bari in ƙara faɗa, Baba," ta ce. "Wataƙila bai ji ba."