Layi Biyu Cikin Kayen Majo

“Ba ni aurar da ɗiyata ga mahaukaci, Suwaiba! Ko da shi kaɗai ya rage namiji cikin Adar!”

Ludayin hura ya suɓuce mini. Na dubi Baba, na dubi Inna Kaltuma, ita ko ta sunkuyar da kai tana tsince geron da ta riga ta tsince tun da safe.

“Baba… Attahiru kurma ne, lafiyatai lau.”

“Rubuce yake cikin littafin likita! Maiguwa ya nuna mini, ya fassara mini da bakinsa.”

Maiguwa! Wayyo Allah, ashe shi ne.

Bari in yi muku bayani. A shekarar 1986 ina aikin jinya a Keita, sai aka sa ni cikin wani bincike. Wata likita, Madam Furera, ke son sanin irin kulawar da ake ba kurame idan damuwa ko ciwon tunani ya same su. Aikina in bi ƙananan gidajen likita na ƙauyuka, daga Madawa zuwa Buza zuwa Keita, in tattaro tsofaffin kaye, manyan littattafan nan da majo, shugaban masu jinya, ke rubuta marasa lafiya a ciki. Duk inda aka rubuta kurma in kwafe layin, in sa lamba a madadin suna. Madam ta gargaɗe mu: sunan mutum amana ne.

Maiguwa shi ne direbanmu. Sau ukku yana kawo mini turare, sau ukku ina mayar masa. Kayen kuwa a bayan motarsa suke kwana.

Attahiru kuma, ai sai in kwana ina ba ku labari! Ɗan Tamaske ne, maginin jerin duwatsun nan da ake tare ruwa da su a kan tuddai. Ranar da na fara ganinsa ya nuna ni, ya nuna rana, sannan ya rufe idonsa wai na kashe masa gani. Na ce ka ji makaryaci ba baki! Cikin wata shida na iya maganar hannunsa har muna faɗa da ita.

Washegarin faɗan Baba na tarar da Maiguwa yana goge mota yana fito.

“Sannu da aiki, mai tonon asiri.”

“Haba ƙanwata, ceton ki ni yi hwa. Ki auri wanda bai jin ko kukanki?”

“Kai da kake ji, mi ka ji tun da nake ce maka a'a?”

Na wuce ofis na zube gaban Madam Furera ina kuka. Ta bari na gama, ta miƙo mini hankici, ta turo mini tulin takardunmu.

“Share hancinki ki ƙidaya.”

Na ƙidaya. Kurame arba'in da ɗaya munka samu. Talatin da ukku an rubuta musu kalma guda da Faransanci, wai mai tada hankali, an yi musu allurar barci. Gurbin da ake rubuta abin da mutum ya ce yana damunsa kuwa fari fat. Wuri ɗaya tak ya fita daban, can wajen Tabotaki, inda matar majo ke da ƙane kurma, ita take fassarawa. A nan an rubuta ciwon ciki, ciwon haƙori, baƙin cikin rasuwa, kamar na kowa.

“To, ɗiyata,” in ji Madam, “su wa ke da matsala, masu hannun ko masu alƙalamin? Tahi ki tambayi naki abin da ba a tambaye shi ba.”

Na sami Attahiru kan tudu, rana tsaka, yana jera dutse. Da ya hango ni ya dafa ƙirji ya yi kamar zai faɗi. Ban yi dariya ba. Na buɗe kayen na nuna masa sunansa, layi biyu, na tambaye shi ko ya yarda in duba. Ya gyaɗa kai.

Na nuna layin ƙarshe tukun. Fuskarsa ta canza. Ya yi alamar ɗaurin kallabi, ya kwantar da tafin hannu ƙasa: rasuwar innarsa. Kwana goma bai runtsa ba, bai iya cin abinci, ya je neman wanda zai saurare shi. Majo ya duba shafin baya, ya ga abin da aka taɓa rubutawa, ya ɗauko allura.

Na ji kamar in rungume shi a gaban ma'aikata ɗari biyu. Kunya ta riƙe ni.

“Na farkon fa, masoyina?” na tambaya da hannu.

Sai ga murmushi! Ya lanƙwasa yatsa kamar ƙugiya, ya caki hannunsa, ya hau tsalle da ƙafa ɗaya. Kunama! Ta ƙarƙashin dutse ta fito, ta harbi wani dattijo, shi ya kai hannu ya make ta, shi ma ta ba shi rabonsa. Dattijon ya sume, ya goya shi har gidan likita. Can ya yi ta tsalle yana yarfe hannu yana nuna dattijon yana nuna kansa, mutum huɗu sunka danne shi.

Na mayar da ido kan shafin. Na karanta layin da ke sama da nasa, rana guda, safiya guda.

Na zauna daɓas a kan dutse. Attahiru ya ɗaga ni da sauri, ya leƙa ƙarƙashinsa.

Bayan la'asar na shimfiɗa wa Baba tabarma, na ce Attahiru ya tsaya a zaure.

“Baba, Maiguwa layi ɗaya ya karanta maka. Ka yarda in karanta na samansa?”

“Karanta mu ji.”

“Isiyaku, ɗan Keita, shekara hamsin da biyu. Harbin kunama. Ya farfaɗo yana ihu, yana birgima, ya yaga wa majo riga.”

Jin sunan Baba, Inna ta ƙyalƙyale da dariya har geron da ke hannunta ya zube.

“Malam! Kai da ka ce mana ko uffan ba ka ce ba?”

“Ke Kaltuma, yi mini shiru! Wagga kunama baƙa ce, kamar tafin hannu!”

“To Baba, kai ka yi ihu da baki, anka rubuta kunama. Wanda ya goyo ka ya yi ihu da hannu, anka rubuta hauka.”

Baba ya jawo kayen gabansa. Ya daɗe yana kallon shafin da bai iya karantawa.

“Shekara biyu ina cigiyar yaron nan,” ya ce a hankali. “Da na dawo hayyacina na tambaya wa ya kawo ni, sunka ce ba kowa sai wani mahaukaci da anka kwantar a ɗakin baya. Ni kuwa na yarda, na yi tahiyata gida…”

Ya miƙe da kansa, ba takalmi, ya nufi zaure. Ya kamo hannun Attahiru ya juya, ga ɗan tabon nan a gindin babban yatsa. Ya ɗage wandonsa ya nuna nasa a idon sawu.

“Suwaiba, yaya ake cewa ka yafe mini?”

Na nuna masa. Ya yi, a karkace, har sai da ya ce wa Attahiru yana jin yunwa. Attahiru ya dube ni, ya dubi Baba, ya zaro dabino daga aljihu ya miƙa masa. Daga nan Attahiru ya durƙusa, hawaye na zuba.

Maiguwa dai Madam ta karɓe mabuɗin motar tun kafin sati ya zagayo. Rahotonmu kuma ya fita da shawara guda a sahun gaba: kada a yi wa kurma allura sai an nemo wanda ya san hannunsa.

An ɗaura aurenmu bayan girbi. Ranar kai amarya Baba ya tsayar da ango a ƙofar gida, ya nuna ni, ya buɗa yatsunsa yana rufewa kamar bakin kaza, wai surutu gare ni ba kaɗan ba.

Attahiru ya nuna kunnensa, ya ɗaga kafaɗa, ya ɗaga hannu biyu sama yana godiya ga Allah.

Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa ta ƙarƙashin lulluɓi na miƙo hannu na ce masa, “Za ka gani a gida.”