Nagge Ta San Hanya

"Sakina, ki ce wani abu mana..."

Isiyaku na tsaye a ƙofar shagon kawunta a Jega, inda ake sayar da maganin dabbobi da irin albasa. Jiya mahaifinta ya mayar wa dangin Isiyaku goronsu a Aliero, ya ce ba ya surukuta da masu shanun da ke cin gonaki.

Ta sunkuyar da kai kan kwamfuta. Tana sonsa kamar ranta, amma bakin nan ya ƙi buɗuwa.

"To, masoyiyata. Na ji shirunki."

Ya hau babur ɗinsa ya koma Maiyama.

Da ma aiki ne ya haɗa su. Ita ke kula da shafin shagon, inda mutum zai rubuta abin da yake nema a waya. Makiyayi ya rubuta "nagge", injin ya ce babu, alhali ga maganin saniya jibge. Isiyaku ne ke zuwa duk ranar kasuwa yana faɗa mata kalmomin ruga, ita kuma tana ɗaure su da na gari. Shi ma har kaya yake shigarwa da sunayen Fillanci.

Yanzu ga kujerarsa nan, sai ƙura. Kaɗaici ya ci ta ya cinye, ko abinci sai an yi da gaske. Amira 'yar kawunta ce kawai ke lallashinta, tana cewa, "Bar shi, in yana sonki zai dawo." Allah sarki, Sakina ta ɗauka ƙauna ce.

Wata rana da hantsi kawu ya faɗo shagon.

"Ɗiyata, mi ya hwaru? Mai neman saniya ba ya ganin kayan da yaron nan ya sa."

Ta duba. Ashe haɗin mai hanya ɗaya ta yi: nagge na kaiwa ga saniya, saniya ba ta kaiwa ga nagge.

Ta gyara cikin ƙiftawar ido, sannan ta yi sororo.

Kullum shi ke zuwa...

Ita ko kira ba ta taɓa fara yi ba.

Ranar ta tari mahaifinta ta faɗa masa komai tana kuka. Tsohon ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗauki gwaggonki ku tahi."

A rugar bayan Maiyama suka sami mahaifiyar Isiyaku tana wanke ƙwarya.

"Ke ce Sakina? Ai Amira ta zo ta ce an sa miki rana da wani."

"Ƙarya ce, Inna! Wallahi ƙarya ce!"

"Isiyaku ya bi shanu kudu tun farkon rani, ya bar wayarsa a ɗakina. Ya ce ba mai nemansa." Ta kife ƙwaryar. "Zauna, ɓingel am, 'yata, ki sha nono. Ya sha kwatanta miki hanyar nan. Da kin zo sau ɗaya, da bai tafi ba."