Azumin Baba Samson

Tony ne da kansa ya kawo ƙarar ƙanwarsa Jemimah ofishin 'yan sanda. Mahaifinsu Baba Samson, tsohon ma'aikacin masaƙa mai ciwon suga, an same shi a sume a kan gadonsa a Unguwar Boro, bai farfaɗo ba har ya cika. Likita ya ce sugan jikinsa ne ya faɗi ƙasa warwas.

"Ita ke yi masa allura, Oga," in ji Tony. "Zarce masa ƙima ta yi. Ta gaji da jinya."

Sufeto Isaac ya daɗe da lura cewa a kowane gida, wanda bai taɓa wanke wa majinyaci kwano ba shi ya fi kowa sanin yadda ake jinya. Ya sa aka fito da Jemimah.

Ba ta musa komai ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

"Na yi masa allurar safe kamar kullum. Na ajiye masa koko da ƙosai, na wuce shago a Trikania."

"Ya ci?"

"Na tarar da kwanon wayam."

"In sugansa ya sauka yana shi kaɗai fa?"

"Yana da ɗan gwangwani a aljihu, da ƙwayoyin sukari a ciki. Ko coci ba ya zuwa sai da shi." Ta dubi hannuwanta. "Wataƙila na zarce ɗin, Yallaɓai. Ina sauri ranar. Ni kaina yanzu ban sani ba."

Aka mayar da ita bayan kanta. Isaac ya san in ta maimaita wannan magana a gaban alƙali, ta gama yanke wa kanta hukunci.

A gidan mamacin ya zazzage kayan da asibiti suka dawo da su: riga, wando, hula. Babu gwangwani. Maƙwabciyarsu Mama Edith tana shanya, idonta rabi a kan igiya, rabi a kansa.

"Mama, kin ga Baba Samson ya karya ranar?"

"Wane karyawa? Ni na ci ƙosan, Allah ya gafarta min. Tony ya miƙo min ta katanga, wai Baba na azumi. Na ce wane irin azumi, mutumin da fasto da kansa ya yafe masa? Can sai keke mai ƙafa uku ya zo ya kwashe su. Wurin mai ƙararrawan nan na Romi, ai duk layin nan an san shi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Mai ƙararrawan sunansa Godwin. A da shi ke haɗa lasifika a bukukuwan aure. Yanzu allon ƙofarsa ya ce Dokta. Ɗakin ba komai sai tabarmi, manyan lasifikoki, da tasoshin tagulla da ake zagaya bakinsu da sanda su yi ta kuka.

"Kowace gaɓa a jikin mutum tana da muryarta, Oga," in ji shi. "In ta kauce, mu mayar da ita da sauti. Turawa ma sun yarda. Yana intanet."

"Ka san Baba Samson?"

"Ban taɓa jin sunan ba."

Isaac ya nuna wani kwando a bakin ƙofa. "Wannan fa?"

"Nan kowa ke juye aljihunsa kafin ya kwanta. Ƙarfe yana karya sauti, abinci yana toshe shi. Shi ya sa muke cewa a zo da azumi."

Isaac ya sa hannu cikin kwandon. Ƙarƙashin wani tsohon makulli akwai ɗan gwangwani da fentinsa ya goge. Ya buɗe, ya karkata shi Godwin ya ga farin sukarin.

"Wani ne ya manta," in ji Godwin.

"To mu je 'yar Baba Samson ta duba, sai ka maimaita a gabanta."

Godwin ya zauna a kan lasifika.

"Gumi tsohon ya fara yi, yana karkarwa. Na ce wa Tony ciwon ne ke fita, haka ake so. Sai tsohon ya ce a miƙo masa gwangwaninsa. Ya roƙa, Oga. Ya ce, 'Ɗana, ƙwaya ɗaya.' To mai ciwon suga, in ba shi sukari da hannuna? Don ya warke na hana shi. Na ƙara sauti. Da ya yi shiru na ce barcin waraka ne."

"Sai kuma?"

"Da ya ƙi tashi, Tony ya ce mu mayar da shi gado kafin ƙanwarsa ta dawo."

"Ka san an yi masa allura da safen, cikinsa ba komai?"

"Ban tambaya ba."

Isaac ya sa wa mugaye da yawa ankwa a aikinsa. Babu wanda ya taɓa ba shi tsoro kamar mai kyakkyawar niyya da ba ya tambaya.

Tony yana zaune a benci lokacin da aka shigo da Godwin. Bai jira an tambaye shi ba.

"Ni ma ɗansa ne, Oga. Kullum Jemimah, Jemimah. So na yi a ce ni na warkar da shi."

"Da ya ƙi warkewa, sai ka bar mata laifin."

Tony ya sunkuyar da kai, ya miƙa wa kofur hannuwansa.

Aka fito da Jemimah. Suka yi kiciɓis da Tony a ɗan lungun da ke tsakanin kanta da ɗakin tsare mutane, inda mutum biyu ba sa wucewa sai sun gogi juna.

"Allurarki daidai take," in ji Isaac. "Abinci aka hana shi. Je ki gida."

Ba ta motsa ba. Ba ta kuma dubi Tony ba.

"Yallaɓai, Baba ya kira ni?"

"Tambayi yayanki. Shi yana wurin."

Kofur ya ja Tony gaba. Sai da ya kai bakin ƙofar ƙarfen ya amsa, bai waiwayo ba.

"Ya kira."